Kalmomin Ingilishi Masu Nuni ga Harshe: Inda Suka Haɗu da Inda Suka Rabu

1.0 Gabatarwa

Harshen Ingilishi ya tara kalmomi masu yawa da ake kiran maganar ɗan Adam da su. Akwai *language* da *tongue* da *speech*. Akwai *dialect* da *accent* da *vernacular* da *patois*. Ga kuma *jargon*, *cant*, *slang*, *lingo*, *idiom*, *pidgin*, *creole* da *lingua franca*. Ƙananan ƙamusoshi sukan jera da dama daga cikinsu wuri guda kamar 'yan ɗaki ɗaya, sai ɗalibi ya zaci duk wadda ya ɗauko za ta biya masa bukata. Amma mai jin Ingilishi sosai ya san idan aka ce da maganar mutum *language* an karrama shi, idan aka ce *patois* an rage masa daraja, idan kuwa aka ce *lingo* an nuna ba a ɗauki abin da muhimmanci ba, alhali abin da ke fita daga bakin mutumin bai canja ba.

Wannan takarda ta bi waɗannan kalmomi ta fuska biyu: asalin kowace, da yadda ake amfani da ita a yau. Abin da take son tabbatarwa shi ne, mafi yawan bambancin da ke tsakaninsu ba a nahawu ko furuci yake ba. Yana ga matsayin masu maganar a idon wanda ya raɗa sunan. Wani abin da ke ƙara dagula lissafi shi ne kusan kowace kalma tana da ma'ana biyu, wadda mutanen gari suka sani da wadda masana kimiyyar harshe suka keɓe wa kansu, kuma sau da yawa ma'anonin biyu suna karo da juna. Mai fassara ko malamin da bai raba su ba yakan ɗauko hukuncin wani ya shigar cikin Hausa ba tare da ya sani ba.

2.0 Language, tongue da speech

Kalmar *tongue* ita ce 'yar ƙasa. Tun a Tsohon Ingilishi ake cewa *tunge*, ana nufin tsokar da ke cikin baki, ana kuma nufin maganar al'umma, daidai da yadda Bahaushe ke amfani da "harshe", Balarabe kuma da "lisan". *Language* baƙuwa ce. Ta shigo daga Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, lokacin da Faransanci ya zama harshen fada da na kotu, kuma an fara ganinta a rubuce wajen ƙarshen ƙarni na 13. Asalinta kalmar Latin ce, *lingua*, wadda ita ma ma'anarta harshen baki. Masana tarihin harsuna sun nuna cewa tsohuwar siffar kalmar Latin ɗin *dingua* ce, kuma tushenta ɗaya da *tongue*. Ke nan 'yan uwan juna ne da suka daɗe da rabuwa, suka sake haɗuwa a Ingila, baƙuwar ta ture 'yar gida. A yau *tongue* da ma'anar harshen al'umma ta koma cikin littattafan addini, da waƙa, da wasu daskararrun furuci irin su *mother tongue*. Ba wanda zai cike takardar neman aiki ya rubuta cewa yana jin *tongues* uku.

*Speech* ma 'yar ƙasa ce, 'yar uwar *Sprache* ta Jamusanci. A Jamusanci kalmar ta ci gaba da nufin harshe ɗungurungum, a Ingilishi kuwa ta tsuke, ta koma nufin yin magana da baki, kishiyar rubutu, ko jawabin da ake yi a gaban taro.

Matsalar *language* ita ce kaya biyu take ɗauke da su. Idan ta zo ita kaɗai, tana nufin baiwar magana da Allah ya hore wa ɗan Adam. Idan ta zo da *a* a gabanta, ko ta zo a jam'i, tana nufin wani harshe takamaimai, kamar Larabci ko Fulfulde. Faransanci ya raba waɗannan, kuma Ferdinand de Saussure ya gina nazarinsa a kan rabuwar. A littafin da abokan aikinsa suka tattara daga rubuce-rubucen ɗalibansa suka buga a 1916, shekara uku bayan rasuwarsa, an bambanta *langage*, wato baiwar magana, da *langue*, wato tsarin da al'umma ta yi tarayya a kansa, da *parole*, wato abin da mutum ya furta a wani lokaci. Ingilishi ba shi da kalmomi uku da za su tsaya daidai a kan waɗannan, shi ya sa har yanzu masu rubutu da Ingilishi sukan bar *langue* da *parole* da Faransancinsu.

Kalmar ta kuma yi nisa da tsokar da ta samo suna daga gare ta. A 1960 William Stokoe ya nuna cewa maganar hannu ta kuramen Amurka tana da cikakken tsari nata na kanta, ba kwaikwayon Ingilishi ba ce da yatsu, kuma a 2022 majalisar Birtaniya ta yi dokar amincewa da maganar hannu ta ƙasar a matsayin harshe. Wannan amfani na haƙiƙa ne. Amfani da kalmar ga umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, ko ga motsin jiki, aro ne kawai.

3.0 Dialect

Babu kalmar da ta kai wannan jawo gardama. Asalinta Girkanci ne, *dialektos*, mai nufin zance ko yadda ake magana, kuma ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16. A tsohuwar Girka ba ta ɗauke da raini ko kaɗan. Maganar Atina, da ta Ioniya, da ta Doriyawa, da ta Aiyoliyawa, kowace tana da adabinta a rubuce, har wasu nau'o'in adabi aka san su da wata daga cikinsu. Sai bayan yaƙe-yaƙen Iskandar Mai Girma ne wani nau'i na gama-gari, *koine*, ya mamaye sauran. Einar Haugen, a wata maƙala da ya buga a 1966, ya nuna cewa wannan yanayi na Girka shi ne tushen ruɗanin: kalmar da aka ƙirƙira don rubutattun nau'o'in harshe masu daraja ɗaya, aka ɗauko ta aka ɗora wa ƙasashen da wani nau'i guda ya riga ya hau kan sauran.

A Ingila nau'in da ya hau shi ne na Landan da kewayenta. Can fadar sarki take, can ofisoshin gwamnati suke, kuma a Westminster William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a ƙasar a 1476. Ƙamus ɗin Samuel Johnson na 1755 ya ƙara ƙarfafa shi. Da wannan nau'i ya kwashe sunan "Ingilishi", sai sauran suka zama *dialects* a bakin jama'a, kalmar ta koma nufin maganar ƙauye, wadda ba a rubutawa, ta waɗanda ba su yi karatu ba. Su kansu masu nazarin farko sun ƙarfafa wannan fahimta ba da niyya ba. Joseph Wright ya fitar da ƙamus ɗin karin harsunan Ingilishi tsakanin 1898 da 1905, sannan Harold Orton na Jami'ar Leeds ya jagoranci binciken da ya zagaya wurare 313 tsakanin 1950 da 1961, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa tambayoyi dattawan karkara ne da ba su yi yawo ba. Aiki ne mai daraja da ya adana abin da ke shirin ɓacewa, amma ya bar tunanin cewa mutumin birni ba shi da *dialect*.

Masana na yau sun yi watsi da wannan. A wurinsu *dialect* shi ne duk wani nau'i na harshe da ya bambanta da saura ta kalmomi da nahawu da furuci, kuma daidaitaccen Ingilishi ɗaya ne daga cikinsu. Mutumin arewacin Ingila da ke cewa *nowt* a maimakon *nothing*, ko *bairn* a maimakon *child*, yana bin ƙa'idar karin harshensa ne, kamar yadda Basakkwace ke cewa "shina zuwa" inda Bakano zai ce "yana zuwa". Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu.

To ina iyakar *language* da *dialect*? Ma'aunin da aka fi ambata shi ne fahimtar juna: idan masu magana biyu suna gane juna, harshensu ɗaya. Ma'aunin yana da amfani, amma sunayen da duniya ke amfani da su ba sa bin sa. Mutanen Danmak da Norwe da Suwidin suna fahimtar juna gwargwado, musamman a rubuce, amma harsuna uku ake ƙirgawa saboda ƙasashe uku ne. Hindi da Urdu a bakin 'yan kasuwa kusan abu ɗaya ne. Abin da ya raba su shi ne rubutu, da inda kowanne ke aro manyan kalmomi, ɗaya daga Sanskirit, ɗayan daga Farisanci da Larabci, sai kuma addini da siyasa. Abin da ake kira harshen Sabiya da Kuroshiya a zamanin Yugoslabiya ya zama harsuna huɗu a hukumance bayan wargajewar ƙasar. A ɗaya ɓangaren kuma, mai jin Mandarin kaɗai ba zai fahimci mai magana da Kantonis ba, amma an saba kiransu *dialects* na Sinanci, domin ƙasa ɗaya ce da al'adar rubutu ɗaya. Max Weinreich, masanin harshen Yidish, ya yaɗa wani zance a 1945, wanda ya ce daga bakin wani mai sauraron laccarsa ya ji shi, cewa abin da ke raba *language* da *dialect* shi ne ɗaya yana da sojojin ƙasa da na ruwa, ɗayan ba shi da su.

Heinz Kloss ya warware wani ɓangare na ƙullin da kalmomin Jamusanci biyu. Akwai harshen da ya zama harshe saboda *Abstand*, wato tazarar da ke tsakaninsa da maƙwabtansa, kamar harshen Bask da ba shi da dangi a Turai. Akwai kuma wanda ya zama harshe saboda *Ausbau*, wato an raya shi da rubutu da ƙamus da makaranta. Harshen Skots misali ne na wanda ya hau ya sauko: shi ne harshen fadar Sikotilan kafin haɗewar sarautar ƙasar da ta Ingila a 1603 da haɗewar majalisunsu a 1707, daga baya aka riƙa kallonsa a matsayin karin harshen Ingilishi, sannan a 2001 Birtaniya ta amince da shi a matsayin harshe a ƙarƙashin yarjejeniyar Turai ta kare ƙananan harsuna.

Akwai amfani na uku da ya fi shafar Afirka. A rubuce-rubucen zamanin mulkin mallaka, har ma a wasu jaridun yau, ana kiran cikakkun harsunan Afirka *dialects*, ko da ba su da wata alaƙa da juna. Wannan ba shi da madogara a ilimi. Raini ne tsagwaronsa.

4.0 Accent

Mutanen gari sukan haɗa *accent* da *dialect*, amma masana, musamman na Birtaniya irin su Peter Trudgill, sun raba su sarai. *Accent* furuci ne kaɗai, wato lafazi. *Dialect* ya haɗa da kalmomi da ginin jimla. Mutum yana iya yin daidaitaccen Ingilishi da lafazin Sikotilan ko na Indiya ko na Nijeriya, nahawunsa bai kauce ko kaɗan ba. Idan Bahaushen yamma ya ce "hwari" na gabas ya ce "fari", lafazi ne ya bambanta, kalmar ɗaya ce. Asalin *accent* Latin ne, daga kalmomi masu nufin waƙar da ke rakiyar magana, shi ya sa har yanzu take nufin ƙarfafa wata gaɓa a cikin kalma, da kuma 'yan alamomin da ake ɗora wa wasula a rubutun Faransanci.

A bakin jama'a ana cewa wane yana da *accent*, wane kuma ba shi da shi. A ilimi babu mai magana marar lafazi. Gwano ne ba ya jin warin jikinsa. Abin da ake kira rashin lafazi a Ingila shi ne lafazin da ake kira *Received Pronunciation*, wanda ya tashi a makarantun kwana na 'ya'yan masu hali a ƙarni na 19, Daniel Jones ya bayyana shi a ƙamus ɗinsa na furuci na 1917, gidan rediyon BBC kuma ya daɗe yana amfani da shi. Masu yin sa 'yan tsiraru ne a ƙasar.

Sautin /r/ ya isa hujja a kan cewa darajar lafazi ba daga sautin take fitowa ba. A Ingila, lafazin manya ba ya furta /r/ a ƙarshen kalma irin *car*, kuma furta shi da mutanen kudu maso yamma ke yi ana danganta shi da ƙauyanci. A birnin New York abin ya juye. William Labov ya shiga manyan kantuna uku na birnin, Saks da Macy's da S. Klein, yana yi wa ma'aikata tambayar da amsarta ita ce *fourth floor*. Ya gano cewa ma'aikatan kantin masu kuɗi sun fi furta /r/, na kantin talakawa sun fi barinsa, kuma ya buga sakamakon a 1966. Sauti ɗaya ne, a wani gari alamar wayewa, a wani garin alamar ƙauyanci.

5.0 Vernacular da patois

Tarihin *vernacular* yana cikin asalinta. A Latin *verna* shi ne bawan da aka haifa a gidan ubangidansa, irin wanda Hausa ke kira bacucane. Daga nan kalmar ta koma nufin abin gida. A Turai ta tsakiyar zamani, Latin ne harshen coci da ilimi, Ingilishi da Faransanci da Jamusanci kuwa su ne *vernaculars*. Ke nan kalmar ba ta faɗin komai game da tsarin harshe. Tana nuna cewa akwai wani harshe a samansa. Da Ingilishi ya sami mulki, sai ya hau kujerar Latin, ya miƙa wa harsunan Indiya da na Afirka sunan da aka taɓa kiransa da shi. A makarantu da yawa a Nijeriya an hukunta yara saboda yin *vernacular*, wato saboda magana da harshen iyayensu. Duk da haka, rahoton da hukumar UNESCO ta fitar a 1953, wanda ya ba da shawarar a fara koyar da yaro da harshen uwa, da wannan kalma ya yi amfani a takensa.

Labov ya ba ta wata ma'ana ta daban: maganar da mutum ke yi idan ya saki jiki cikin 'yan uwa da abokai, ba ya lura da bakinsa. A ganinsa wannan ita ce magana mafi tsari, wadda ta fi cancantar nazari. Da wannan ma'ana ake kiran Ingilishin baƙaƙen fatar Amurka *African American Vernacular English*. A Disambar 1996 hukumar makarantun Oakland ta Kalifoniya ta zartar da ƙudurin ɗaukar wannan magana, da sunan *Ebonics*, a matsayin harshen farko na ɗalibanta baƙaƙe. Hayaniyar da ta biyo baya a faɗin Amurka, rabinta a kan suna ne: harshe ne, karin harshe ne, ko gurɓataccen Ingilishi?

*Patois* ta fi zafi. Bafaranshiya ce, kuma a Faransa tana nufin maganar ƙauye da ba ta kai a rubuta ba. A 1794 Abbé Grégoire ya gabatar wa majalisar juyin juya halin Faransa rahoto a kan wajibcin kawar da *patois*, ya cusa harsuna masu zaman kansu irin su Bireton da Bask a cikin jerin. Masana ba sa amfani da kalmar a matsayin kalmar fanni. Amma mutanen Jamaika sun karɓe ta suka mai da ita sunan harshensu, *Patwa*, suna alfahari da shi, kuma marubuciyar waƙoƙi Louise Bennett ta share rayuwarta tana nuna cewa ana iya yin adabi da shi.

6.0 Maganar rukuni: jargon, cant, slang da sauransu

Kalmomin wannan sashe ba cikakken harshe suke nufi ba. Tarin kalmomi ne da wani rukunin jama'a ya keɓanta da su, abin da masana Hausa ke kira Hausar rukuni. Abin lura shi ne kusan dukansu da zagi suka fara.

*Jargon* a Tsohon Faransanci kukan tsuntsaye take nufi, kuma da wannan ma'ana Geoffrey Chaucer ya yi amfani da ita a ƙarni na 14. Daga nan ta koma surutun da ba a ganewa, sannan ta tsaya a kan kalmomin masu sana'a: likitoci, lauyoyi, injiniyoyi. Abin da likita ke kira *terminology*, wato keɓaɓɓun kalmomin fanni, shi majinyacin da bai gane ba ke kira *jargon*. Kalmomin ɗaya ne, wanda ke ciki da wanda ke waje ne suka ba su suna biyu. Ƙungiyar Plain English Campaign, wadda aka kafa a Birtaniya a 1979, ta tashi ne don yaƙar irin wannan rubutu a takardun gwamnati da na kamfanoni.

*Cant* daga kalmar Latin mai nufin rera waƙa take, aka fara ɗora ta a kan muryar roƙo ta mabarata, sannan a kan maganar sirri ta ɓarayi da 'yan yawon banza, wadda Thomas Harman ya tattara wasu kalmominta a ƙarni na 16. A yau an fi jin ta da ma'anar zancen munafunci, musamman na nuna tsoron Allah na ƙarya. *Argot*, wadda aka aro daga Faransanci, ita ta gaji ma'anar maganar sirri. Manufar *jargon* taƙaita bayani tsakanin waɗanda suka san aiki. Manufar *argot* ɓoye zance daga bare, kamar yadda ake yi da zaurance.

*Slang* ta bayyana a tsakiyar ƙarni na 18, ita ma a kan maganar 'yan daba. Francis Grose ya fitar da ƙamus ɗin irin waɗannan kalmomi a 1785. Yanzu tana nufin kalmomin yayi da ba a kai su gaban manya, daidai da sara a Hausa. Yawancinsu ba sa daɗewa, amma wasu sukan zauna daram. A 1710 Jonathan Swift ya koka da kalmar *mob*, wadda aka gutsuro daga Latin, yana ganin ɓata harshe ce. Yau tana cikin kowane ƙamus ba tare da wani tambari ba. Babban kuskuren da ake yi shi ne kiran karin harshe ko *pidgin* da sunan *slang*. Sara kalmomi ce kawai, ba ta da nahawu nata.

*Lingo* kalmar raha ce ko ta raini, ga harshen baƙi ko maganar wata sana'a, ba ta shiga rubutun ilimi. *Idiom* kuwa daga Girkanci take, daga kalma mai nufin abin da mutum ya keɓanta da shi. Tsohuwar ma'anarta ita ce ɗabi'ar harshe, kuma a Sifaniyanci *idioma* harshe take nufi kai tsaye. Ma'anar da ta fi yaɗuwa a yau ita ce furucin da ba a gane shi ta bin kalmominsa ɗaya bayan ɗaya, kamar *kick the bucket* da ke nufin mutuwa, ko "jan kunne" da "cin fuska" a Hausa. Ba karin magana ba ce, ko da yake ɗalibai sukan haɗa su.

7.0 Pidgin, creole da lingua franca

*Pidgin* ta fito ne daga gaɓar tekun Sin, inda 'yan kasuwar Ingila da na Kanton suka ƙirƙiri wata sassauƙar magana ta ciniki, kuma yawancin masana suna ganin kalmar *business* ce ta sauya a bakin Sinawa. *Creole* daga harshen Fotugal da Sifaniyanci take, kuma mutane aka fara kira da ita, waɗanda aka haifa a ƙasashen mallaka, kafin a ɗora ta a kan maganarsu. Rabuwar da littattafan koyarwa suka saba yi ita ce *pidgin* ba harshen uwar kowa ba ne, idan yara suka tashi da shi a matsayin harshen farko ya zama *creole*. Barikanci, wato Hausar da ta tashi a barikokin soja tsakanin waɗanda ba Hausawa ba, misali ne na farkon. Harshen Kiriyo na Saliyo misali ne na biyun.

Sunaye a nan ma ba sa bin ƙa'idar. *Pidgin* na Nijeriya yana da waɗanda suka tashi da shi tun daga goyo a Warri da Sapele, amma sunan bai canja ba. Tok Pisin yana cikin harsunan hukuma na Papuwa Niyu Gini, tsarin mulkin Haiti na 1987 ya ɗora harshen Kiriyol a kan matsayi ɗaya da Faransanci, BBC kuma ta buɗe sashen *Pidgin* a 2017. Kiran waɗannan *broken English*, wanda Hausa ta ara ta ce buroka, bai dace da abin da nazari ya nuna ba, domin suna da ƙa'idojin da mai koyo zai iya karyawa a gane ya yi kuskure.

*Lingua franca* ta bambanta da duk sauran domin aiki take bayyanawa. Asali sunan wata maganar ciniki ce ta tashoshin Bahar Rum, wadda yawancin kalmominta na Italiyanci ne, ma'anar sunan kuma harshen Farankawa, wato Turawan yamma. Yanzu tana nufin duk harshen da ke haɗa mutanen da harsunan uwarsu suka bambanta, kamar Swahili a gabashin Afirka da Hausa a yammacinta.

8.0 Kalmomin masana da batun fassara

Saboda nauyin da waɗannan kalmomi ke ɗauke da shi, masana walwalar harshe sun nemi wasu da ba su yanke wa kowa hukunci. *Variety* tana nufin kowane nau'i na magana, ba tare da an ce harshe ne ko karin harshe ba. *Register*, wadda M. A. K. Halliday da abokan aikinsa suka yaɗa, tana nufin nau'in da ya dace da wani muhalli, kamar huɗuba ko sharhin ƙwallo. Karin harshe yana nuna wane ne mai magana, ita kuwa tana nuna me yake yi. *Idiolect*, wadda Bernard Bloch ya shigar a 1948, maganar mutum ɗaya ce tak. Waɗannan sun tsaya a ajin jami'a, ba su shiga bakin jama'a ba, don haka tsofaffin kalmomin za su ci gaba da zuwa gaban mai fassara da ma'anoninsu biyu.

Hausa ma tana da irin wannan nauyi a nata kalmomin. "Harshe" da "yare" ba darajarsu ɗaya ba a kunnen mutane da yawa: ana cewa harshen Larabci, amma a ce wane yana yare idan ya juya zuwa maganar ƙabilarsa. "Gwaranci", da ake faɗa wa maganar da ba ta fita ba, daga sunan wata al'umma aka ciro ta, kamar yadda Girkawa suka kira duk wanda ba ya jin harshensu *barbaros*. Idan aka fassara *dialect* da "yare", an yi kuskure biyu a lokaci guda: an ɓata ma'anar ilimi, an kuma ɗauko rainin zamanin mallaka an sa masa rigar Hausa.

Abin da ya kamata sassan koyar da Hausa, da gidajen rediyo, da masu rubuta littattafan makaranta su tsaya a kai shi ne "karin harshe" ga *dialect*, "lafazi" ga *accent*, "sara" ga *slang*, sannan "harshe" ga duk abin da yake cikakken harshe, komai ƙarancin masu magana da shi. Nijeriya kaɗai tana da harsuna sama da 500, kuma kowane ɗaya daga cikinsu ya cancanci a kira shi da wannan suna.